Ruwan Tiga da doka: gaskiya da ƙanzon kurege a yankin Kadawa

Ruwan da ke shayar da gonakin rani na yankin Kadawa a Garun Mallam, Kura da Bunkure yana fitowa ne daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga nan yake bi ta babban kanal zuwa ƙananan kanaloli har ya isa fagen shinkafa, alkama da tumatir. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. A kan wannan ruwa da ƙasar da yake ratsawa ana yawan jin maganganu iri-iri game da doka. Wasu gaskiya ne, wasu an gauraya su, wasu kuma ƙanzon kurege ne.

Mafi yaɗuwa ita ce cewa ruwa na Allah ne, don haka babu mai ikon karɓar kuɗinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta bai wa kowa damar ɗiban ruwa kyauta daga kogi ko rafin da jama'a ke zuwa, don amfanin gida da shayar da dabbobi. Ta kuma yarda wa mai gona ya yi ban ruwan kansa da ruwan ƙarƙashin ƙasarsa, ko da kogin da gonar ta yi iyaka da shi, ba tare da biyan ko sisi ba. Amma ruwan kanal daban ne. An tara shi a dam, an gina masa hanya, ana yashe ta ana gyara ƙofofinta, kuma dokar da ta kafa hukumomin koguna ta ba su ikon karɓar kuɗi a kan ruwan da suka raba, bisa amincewar minista. Kuɗin ruwa dai halal ne a doka. Inda manomi ke da bakin magana shi ne ya nemi rasit, ya kuma tambayi ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashensa inda kuɗin ya tafi.

Haka ma batun cewa ruwan Tiga na Kano ne ita kaɗai bai da tushe. Kogin Kano, wanda aka tare a Tiga, yana haɗuwa da Challawa ya zama kogin Haɗejiya, ya ratsa Jigawa da Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Dokar 1993 ta ɗora ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya. Dalilin a fili yake: abin da aka tare a sama ko aka saki ba bisa ƙa'ida ba, masunta da manoman fadamar Haɗejiya da Nguru ne ke ji a jikinsu, kuma kacallar da ta toshe musu hanyoyin ruwa shaida ce.

Sai jita-jitar da ta fi tayar da hankali, wai an yi sabuwar doka da ta ƙwace gaɓar koguna ta kuma sa lasisi a kan kowace rijiyar burtsatse. Ƙuduri ne aka kai majalisa. Ya faɗi a majalisar dattawa a 2018, an janye shi a majalisar wakilai a 2020, aka sake gabatar da shi a 2022 bai tsallake ba. Ƙuduri kuwa ba ya ɗaure kowa sai majalisu biyu sun zartar da shi ya zama doka.

Game da ƙasa, gaskiya ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha ga gwamna, amma a matsayin amana. Yana iya soke izinin mallaka don bukatar jama'a, kamar gina kanal ko hanya, tare da sanarwa da biyan diyyar gini da amfanin gonar da ke kai. Cewa gwamnati na iya karɓe gona haka kawai babu ko kwabo ba haka doka ta ce ba, ko da yake jinkirin diyya da ƙarancinta koke ne da ya daɗe.

A kan maganin feshi ma akwai ruɗani. Ganin kwalba a kanti ko a kasuwar ƙauye ba ya nufin an halatta ta. NAFDAC ce ke rajistar magungunan ƙwari da na ciyawa, ta daɗe da haramta Gamalin, kuma ta hana paraquat daga farkon 2024. Mai feshin da ya wanke tankinsa a bakin kanal ya jefa kwalbar a ciki, ƙasa kaɗan da shi wani yana wanke tumatir, wani yana shayar da shanu, yara suna wanka.

Masu cewa dokar muhalli ta 'yan Neja Delta ce da man fetur ɗinsu sun yi kuskure. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin a fara manyan madatsu da aikin noman rani mai hekta 5,000 ko fiye, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 kuma ikonta ya game dukkan jihohi, har da Kano. Rauninsu yana wajen aiwatarwa, domin jami'ai kaɗan ne kuma ba kasafai ake gurfanar da mai laifi ba.