Itacen Girki A Mubi: Rabin Matsalar Na Hannun Mai Hura Wuta

Daga Wakilinmu

Garin Mubi, wanda ke gindin duwatsun Mandara a arewacin Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, gari ne na ciniki da baƙi. Kasuwar shanunsa tana jawo fatake daga ciki da wajen Nijeriya, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002. Duk wannan taro kullum sai ya ci abinci, kuma yawancin abincin nan a kan itace ko gawayi ake dafa shi, tun daga tuwon gida har ƙosan bakin hanya da burodin mai shayi.

Da can gidajen ma'aikata da na 'yan kasuwa da yawa risho suke amfani da shi. Amma tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin kananzir a farkon 2016, kananzir ya fi ƙarfin talaka. Da aka janye tallafin fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023, kuɗin dakon kowane kaya ya hau, har da na iskar gas da na itacen kansa. Saboda haka gidaje da dama da suka rabu da murhu sun koma masa, daji kuwa sai ƙara nisa da gari yake yi. Adamawa tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke ƙarƙashin shirin dashen itatuwa don tare hamada, watau hukuma ma ta san irin halin da ake ciki.

In an zo maganar mafita, akan ce a kawo sabon murhu. Wannan gaskiya ne, amma akwai abin da ake mantawa. Mata biyu a gida ɗaya za su sayi dami iri ɗaya, su dafa abinci iri ɗaya a murhu iri ɗaya, amma na ɗaya ya ƙare alhali ɗayar tana da saura, kuma madafar ɗaya ta turnuƙe ta ɗayar kuwa ana iya zama a ciki. Bambancin yana wajen yadda kowacce take sarrafa wutarta.

Hayaƙi Itace Ne Da Ya Gudu

Idan itace ya ɗauki zafi, yakan fitar da wani tururi mai cin wuta, kuma shi ne harshen da muke gani. Kafin tururin nan ya ƙone ƙurmus yana bukatar zafi sosai da isasshiyar iska. In ɗayansu ya gaza, sai ya tashi bai ƙone ba, shi ne hayaƙi da kunkunniyar da ke baƙanta rufin madafa. Ashe ke nan duk hayaƙin da ya cika gida wani ɓangare ne na itacen da aka saya da kuɗi, ya tafi bai taɓa tukunya ba sai idon mai girki da ƙirjinta.

Masu gwajin murahu sun ƙiyasta cewa murhun duwatsu uku, yadda aka saba hura shi, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itace kaɗai yake isarwa ga tukunya. Amma a gwaje-gwajen da aka lura da wutar sosai, an ga wannan murhu ya kai kashi 20, har ya haura. Ba a sauya duwatsun ba, hannun da ke tura itacen ne ya bambanta.

Ɗanyen Ice Da Cusa Wuta

Abu na farko shi ne bushewar itace. Icen da aka saro yanzu, kusan rabin nauyinsa yakan zama ruwa ne, busasshe kuwa ruwansa ba ya wuce kashi 20 cikin 100. In aka sa ɗanye a murhu, sai wuta ta fara da ƙafar da ruwan nan tukuna, zafinta ya ragu, hayaƙi ya tashi. Shi ya sa ake jin icen yana tsuwa, ana ganin kumfa a gindinsa. A Mubi wannan matsala ta fi tsanani da damina, daga Mayu zuwa Oktoba. Maganinta tanadi ne tun da rani: a faskara itacen, a jera shi a kan duwatsu ko katako don kada ya sha damshin ƙasa, a rufe samansa, a bar gefe iska na ratsawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu shi ne yawan itacen da ake sawa. Akwai masu ganin cewa in an cika murhu da manyan faskare abinci zai fi saurin nuna. Alhali cunkoson itace yana toshe hanyar iska, kuma harshen da ya zarce gefen tukunya sararin Allah yake ɗumamawa. Sirara uku ko huɗu da ake turawa kaɗan-kaɗan, bakinsu kaɗai na ci, sun fi gungume biyu aiki. Haka kuma tokar jiya da aka bari ta taru tana shaƙe wuta daga ƙasa. A kwashe ta kafin a hura, a ɗan ɗaga bakin itacen yadda iska za ta bi ta ƙarƙashinsa.

Na uku, kuma mafi muni ga lafiya, shi ne hura wuta da leda, ko tsohon silifa, ko guntun roba. Wannan ɗabi'a ta yaɗu ne da tsadar kananzir. Hayaƙin roba yana ɗauke da guba, kuma mai girki tana sunkuye a kansa tana busawa. Ƙirare da busasshen kara da totuwar masara sun isa su tayar da wuta, kamar yadda iyayenmu suke yi tun kafin a san leda.

Tukunya, Murfi Da Iska

Da zarar ruwa ya tafasa, zafinsa ya tsaya wajen digiri 100, ko da za a ƙone dami guda a ƙarƙashinsa. Ƙarin wuta bayan tafasa ba ya gaggauta nunar wake ko nama, ruwan miya kawai yake ƙafarwa. Abin da ya kamata shi ne a ja itace baya, a bar ƙaramar wuta tana riƙe tafasar, a kuma rufe tukunya. Murfi shi ne kayan tsimin itace mafi araha a madafa, amma sau da yawa yana jingine a bango. Waken da aka jiƙa tun dare ma ba ya cin wuta kamar wanda aka zuba a bushe.

Zaman tukunya a kan murhu ma abin dubawa ne. In ta yi sama da yawa, zafi ya watse. In ta danne wutar, harshe ya bugi gindinta mai sanyi kafin ya gama ci, sai baƙi da hayaƙi. A lokacin hunturu kuwa iska takan karkata harshen gefe guda, don haka kewaye murhu da laka ko tsohon kwano, a bar ƙofa ɗaya ta itace, yana rage asara ƙwarai. Mai girkin da ta gyara kayan miyarta kafin ta hura wuta, ta kuma zare sauran itace ta kashe da ƙasa in ta gama, ta tsira da abin fara girkin gobe.

Abin Da Ke Kan Lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta jawo mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Cututtukan sun haɗa da ciwon huhu na yara, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Goyon da ke bayan uwa a madafa yana shaƙar abin da take shaƙa, ga shi huhunsa bai yi ƙwari ba. Girki a tsakar gida ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe ya fi girki a ɗaki mara taga. Sannan a kiyayi shigar da kaskon garwashi ɗakin kwana a rufe ƙofa saboda sanyi, domin gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kashe mutum cikin barci.

Sabon Murhu, Tsohuwar Ɗabi'a

Ingantattun murahu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. A Jamhuriyar Nijar an yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi tun cikin shekarun 1980. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana ƙera nata. Akwai kuma Save80, wanda wata ƙungiya a Kaduna ta yaɗa da taimakon Jamusawa, masu shi suna cewa yana iya rage cin itace da kashi 80 cikin 100. To amma shi ma da sharaɗinsa: sai an sassara itacen ƙanana-ƙanana. Wanda ya tura masa ɗanyen faskare bai more kuɗinsa ba.

Darasi mafi girma daga Indiya ya zo. Masana uku, Rema Hanna da Esther Duflo da Michael Greenstone, sun bi diddigin gidajen da aka gina wa ingantaccen murhu a Jihar Odisha har shekara huɗu. A shekarar farko hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu. Daga nan sai amfanin ya ɓace, domin mutane ba su share bututun hayaƙin ba, ba su gyara tsagewar murhun ba, da yawa kuma suka ci gaba da amfani da tsohon murhunsu.

A nan gida, a watan Nuwamba na 2014 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000, a daidai lokacin da mutanen Mubi ke gudun hijira saboda mamayar Boko Haram. Shirin ya ƙare cikin cece-kuce. A watan Maris na 2024 kuma aka amince da sabuwar manufar ƙasa kan girki mai tsabta. Idan ana son wannan ta yi tasiri, lalle rabon murhu ya tafi tare da koyarwa da bibiya, a kuma horar da magina da maƙeran gari yadda za su gyara wanda ya lalace.

Kafin wannan ya iso, akwai aikin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Ma'aikatan asibitin awon ciki, da makarantun Islamiyya na matan aure, da zumuntar mata ta coci, da gidajen rediyo masu shiri da Hausa da Fulatanci, duk suna iya isar da waɗannan bayanai. Magidanta ma da nasu rabon, tun da yawanci su ke sayo itacen: su zaɓi busasshe, su taimaka da faskare, su buɗe wa madafa taga. 'Yan mata kuma a koya musu tun suna taya uwa girki, gama ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.