Kafin a zagi magini, a duba rairayin da ke ƙarƙashin bango

In bango ya tsage a Garhanga ko a wani ƙauyen kwarin Keita, magini ake fara tuhuma, a ce ya ci siminti. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa ɓarnar tana can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Ƙasar Adar, inda Keita take, kashi biyu ce: tudu mai dutse da marmara, sai kwari inda ƙoramu ke jibge rairayi duk damina. Rairayin da ruwa ko iska suka tara sako-sako yake, akwai sarari tsakanin ƙwayoyinsa. In aka ɗora masa nauyi sau ɗaya zai ɗauka. Abin da ke cinsa shi ne yau da gobe: injin niƙa mai jijjiga safe da yamma, manyan motoci ranar kasuwa, tankin ruwa da ake cikawa yana ƙarewa. Kowace jijjiga takan sa ƙwayoyin su gusa su toshe sararin, kuma ba sa komawa yadda suke. Mai awon gero ya san wannan: a cika tiya, a bubbuga gefenta, sai hatsi ya sauka. Abin haushin, ƙasa ba ta sauka bai ɗaya. Kusurwar da ke daf da injin takan riga sauran lotsawa, sai tsaga ta taso a karkace daga bakin taga, ƙofa ta fara cijewa.

In rairayin ya ƙoshi da ruwa abin ya fi muni, domin ƙwayoyin sukan saki juna. A Niigata ta Japan, girgizar ƙasar 1964 ta kishingiɗar da benaye sukutum ba tare da sun rushe ba; rairayin ƙarƙashinsu ne ya zama kamar ruwa.

Don haka mai haƙa harsashi ya wuce rairayin sama har ya taras da ƙasa mai tauri. In cikowa za a yi, kada a juye gaba ɗaya: a zuba kamar santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai, sannan a ƙara. Dutse dai ba a rasa shi a Adar, a shimfiɗa harsashin da faɗi. Injin niƙa a yi masa dakalinsa daban, kada ya taɓa bango, ruwan indararo kuma a kai shi nesa da gindin gini.

Tsagar da ta riga ta fito, a shafa mata ɗan siminti a rubuta kwanan wata a gefe. In ta sake darewa, ginin yana kan motsi ne, a kwashe iyali daga ɗakin kafin ruwa ya sauka.