Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Masassaƙin Da Ya Fara Sana'a Da Furfura

Idan aka ce masassaƙi a Hausa, hankali yakan tafi ga mai yin turmi da taɓarya da ƙota. A ƙasashen Turawa kuwa, akwai sassaƙar mutum-mutumi da dutse, wadda galibi ake koyo a makaranta tun ana matashi. A wannan maƙala ina so in nuna cewa mutum yana iya shiga wannan sana'a ko da girma ya kama shi. Misalina shi ne William Edmondson, wani baƙar fata ɗan Amurka.

An haife shi wajen shekarar 1874 kusa da birnin Nashville, iyayensa kuma 'yantattun bayi ne. Ya yi aikin jirgin ƙasa, sannan ya daɗe yana aikin shara da goge-goge a wani asibitin mata. Da aikin ya ƙare wajen 1931, shekarunsa sun haura 50. A lokacin ne ya ce Ubangiji ya umarce shi da ya kama sassaƙa.

A ganina, abubuwa uku suka taimake shi. Na farko, bai jira jari ba. Yakan samo farar duwatsun da aka zubar bayan rushe gine-gine, ya mai da ƙusar layin dogo ta zama kurfinsa. Na biyu, ya fara da abin da jama'arsa ke bukata, wato duwatsun shaidar kabari, waɗanda maƙwabtansa ke saye da kuɗi kaɗan. Daga nan ne ya koma yin siffofin tsuntsaye da raguna da malaman makaranta. Na uku, hannunsa ya saba da aikin ƙarfi, dutse kuwa ba ya son raggo.

A 1937 wani babban gidan adana kayan fasahar zamani na New York, MoMA, ya baje kolin ayyukansa shi kaɗai. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami wannan daraja a can. Sai dai sunan bai kawo masa dukiya ba, ya rasu a 1951 yana talaka. A 2016 aka sayar da siffar ɗan dambe da ya sassaƙa a kan dala 785,000.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, wanda ya fara a makare yana iya ƙwarewa, amma ribar takan zo a makare ita ma. Duk mai niyyar sauya sana'a ya san da wannan kafin ya ɗauki guduma.