Kalmar "Facile": Sauƙin da Ba Shi da Zurfi

Ɗalibin da malami ya rubuta wa "facile" a gefen takardar jarrabawarsa zai iya zaton yabo ne. Alhali kuwa malamin na nufin amsar ta zo a sauƙaƙe ne don ɗalibin ya kauce wa wahalar da ke cikin tambayar.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne. Akwai aikatau "facere", wato yi ko aikata. Daga gare shi aka sami sifa "facilis", ma'ana abin da ake iya yi ba tare da wahala ba. Faransanci ya gaji kalmar, Ingilishi kuma ya aro ta daga Faransanci a ƙarshen ƙarni na 15. Kalmar "difficult", wadda ke nufin mai wuya, ita ma daga wannan saiwa ta tsiro, domin Latin ya ƙara wa "facilis" ɗafa-goshi na korewa ya sami "difficilis".

Da farko ma'anarta a Ingilishi ba ta wuce "mai sauƙi" ba. Sannu a hankali sai zargi ya shige ta, har ta koma nufin bayani ko hujja mai daɗin ji wadda ba a zurfafa tunani a kanta ba. Ɗaliban Maraɗi da Damagaram da ke karatu da Faransanci sai su lura, domin a can ma'anarta ta yau da kullum ita ce mai sauƙi kurum. Haka ma masana kimiyyar haɗa sinadarai, har yanzu sukan yi amfani da ita a rubutun Ingilishi don yaba hanyar haɗi marar wuya.

Tarihin zazzaɓin cizon sauro ya nuna haɗarin irin wannan sauƙi. Mutanen Italiya sun lura cutar ta fi kama mazauna kusa da fadamu, sai suka ɗora laifin a kan iska mai wari da ke tashi daga ruɓaɓɓen ruwa. Sunan maleriya ma daga "mala aria" ya fito, wato mummunar iska. Bayanin ya dace da abin da ido ke gani, shi ya sa ya daɗe ana riƙe da shi, mutane kuwa na ta mutuwa. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majinyaci a Aljeriya. A 1897 kuma Ronald Ross ya same ta a cikin tumbin sauro a Indiya. Ashe fadama wurin hayayyafar sauro ce, kallon kitse aka yi wa rogo.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya amince da amsar da ta zo masa nan take, ya kamata ya tambayi kansa wane gwaji zai iya ƙaryata ta, kuma wane dalili dabam zai iya haifar da abin da ya gani.