Dalilin da ya sa tankar mai ke kifewa a kwanar da ƙaramar mota ke wucewa lafiya

A watan Oktoban 2024 wata tankar fetur ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, kuma gobarar da ta biyo baya ta hallaka sama da mutum 150. Bayan wata uku, a Janairun 2025, wata ta sake faɗuwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, inda fiye da mutum 80 suka rasu. A lokutan biyu muhawara ta karkata ga masu kwasar man da ya malale. Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce ta farko: me ya kayar da motar?

Amsar tana farawa daga rumfar mai faci. Idan notin taya ya ƙi kwancewa, yakan zura dogon bututun ƙarfe a hannun sufana, ya danna, sai notin ya saki. Ƙarfin damtsensa bai ƙaru ba, tazarar da ke tsakanin hannunsa da notin ce ta ƙaru. Wannan shi ne ƙarfin murɗa: ƙarfin da aka sa, a ninka shi da nisansa daga madogarar da abu ke juyawa a kanta.

Motar da ke shan kwana fagen kokawar murɗa biyu ce, madogararsu kuwa tayoyin da ke gefen waje na kwanar. Nauyin motar yana danne ta ƙasa, kuma tsawon sandarsa shi ne rabin faɗin da ke tsakanin tayoyin hagu da na dama, kimanin mita ɗaya a babbar mota. Fizgar kwana kuma tana tura ta gefe, tsawon sandarta shi ne tsayin cibiyar nauyin motar daga ƙasa. A ƙaramar mota cibiyar ba ta wuce kimanin rabin mita ba, shi ya sa takan zame kafin ta kife. A tankar da aka cika, cibiyar takan kai mita biyu. Ke nan fizgar da ta kai rabin nauyin motar ta isa ta ɗaga tayoyin ciki, kuma a zahiri ba a ma kaiwa rabin, domin tayoyi da sifirin suna lanƙwasawa, su karkata tankin waje tun kafin lokacin.

Gudu yana dagula lissafin fiye da yadda ido ke gani. Idan direba ya ninka gudunsa a kwana ɗaya, fizgar tana ruɓanya sau huɗu. Ga kuma halin ruwa: buhun masara yana zama inda aka ajiye shi, amma fetur a tankin da bai cika ba yakan tattaru ya koma gefen waje, ya tafi da cibiyar nauyi zuwa ɓangaren da motar ke neman faɗawa.

A nan ne hanya ke shigowa, kuma a nan ne maganar ta daina zama ta direba shi kaɗai. A ɗauka tayoyin gefe guda sun sauka daga bakin kwaltar da ya zaizaye, zurfin santimita 20. Tunda faɗin tayoyin da tsayin cibiyar nauyin kusan ɗaya ne, cibiyar za ta matsa gefe da kimanin santimita 20 ita ma. Kashi ɗaya cikin biyar na sandar da ke riƙe da motar ya tafi ke nan, ba a ko juya sitiyari ba. Ramukan kuwa manyan motocin suna cikin masu haƙa su. Gwajin hanyoyi da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ninka nauyin da ke kan gatarin mota yana ruɓanya ɓarnar da yake yi wa kwalta kusan sau 16.

Giya ma wannan lissafin take bi. Ƙaramin haƙori da ke juya babba yana rage gudu, ya ƙara ƙarfin murɗa, shi ya sa ake hawan tudu da giya ta ƙasa. A gangara aikin yana juyewa: tayoyi ne ke ƙoƙarin juya inji, injin kuma ya turje ya riƙe motar. Direban da ya sake ta firi don ya tsimi dizal ya cire wannan turjiya, ya bar wa birki dukan nauyin. Birki gudu yake mayarwa zafi, kuma idan zafin ya yi yawa sai ya daina kamawa. Kalmar “tsinkewar birki” da ke cika sanarwar hukumomi ba ta bambance birkin da ya lalace da wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa.

Bayan haɗarin Dikko, hukumar NMDPRA mai kula da harkar rarraba mai ta haramta loda wa tankoki masu cin lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris, 2025. Matakin yana da tushe a kimiyya. Lita 60,000 ta fetur ta kusa tan 45, ban da nauyin motar kanta, kuma tunda faɗin layin titi ya iyakance faɗin tanki, ƙarin litocin tsawo ko tsayi suke komawa. Sai dai haramcin a wurin lodi yake aiki. Bai shafi zaizayayyen bakin kwalta ba, bai shafi lafiyar birki ba, bai kuma taɓa dalilin da ya sa tun farko ake jigilar mai a taya daga Legas zuwa Kano, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,000, alhali ƙasar na da bututun mai na kusan kilomita 5,000 da aka shimfiɗa zuwa rumbunan ajiya irin na Suleja, Kano, Gusau da Maiduguri.