Shin Ko Kun San? Daga Bombay da Tokyo Zuwa Tawa

A fadar shayi cikin garin Tawa, ko ranar kasuwa a Tamaske da Keita, in ka ga kawuna sun haɗu bisa waya guda, sau da yawa fim ɗin Indiya ne, ko na Canis, ko zanen Japan da ake kira anime. Ga abin da ke bayan wannan kallo.

• Shin ko kun san Mother India, fim ɗin Mehboob Khan na 1957, labarin bashi ne? Nargis ta fito a matsayin Radha, uwar da ke noma mai bashi yana kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonar. Wanda ya taɓa cin bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka ba ya neman tafinta.

• Shin ko kun san ƴan kallo Hausawa sun raɗa wa jaruman Indiya sunaye? Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. A Kano har an samu ƴan bandiri, Ushaƙu Indiya, masu ɗora begen Annabi (SAW) bisa karin waƙoƙin finafinan.

• Masoya kokawa, wannan taku ce. Dangal na 2016 ya samo tushe daga rayuwar Mahavir Singh Phogat, wanda ya horar da ƴaƴansa mata, Geeta da Babita. Geeta ta ci zinariya a wasannin ƙasashe rainon Ingila na 2010.

• Shin ko kun san Bruce Lee bai ga fitowar Enter the Dragon ba? Ya rasu a Hong Kong ranar 20 ga Yuli 1973, yana da shekara 32.

• Shin ko kun san Seven Samurai na Akira Kurosawa, na 1954, labarin manoma ne da ƴan fashi ke jira su yi girbi su kwashe? Ƙauyen ya ɗauko mayaƙa bakwai, ladansu abinci kawai. Manoman suna ba su shinkafa, su kuwa suna cin wani irin gero. Amurka ta juya labarin zuwa fim ɗin kaboyi a 1960, The Magnificent Seven.

• Daga Iran akwai Children of Heaven na Majid Majidi, 1997: wa da ƙanwa suna karɓa-karɓar takalmi guda don zuwa makaranta, suna ɓoye wa mahaifinsu saboda sun san ba shi da halin sayen wani. Babu harbi, babu rawa, amma da wuya ka gama shi ido a bushe.

• Shin ko kun san Parasite na Koriya ta Kudu shi ne fim na farko da ba da Turancin Ingilishi aka yi ba da ya ci babbar lambar Oscar, a 2020? Zancensa tazarar mai shi da maras shi.

• Shin ko kun san ƙarancin kuɗi ne ya ba anime kamanninsa? Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa guda. Da Osamu Tezuka ya fara Astro Boy a talabijin a 1963, sai ya rage yawan zanen, ya jingina da ƙarfin labari da yanayin fuska.

• Olive et Tom da yara suka kalla da Faransanci, asalin sunansa Captain Tsubasa, kuma a mujallar zane ya fara fitowa a 1981.

• Ba kowane zane ne na yara ba. Grave of the Fireflies na 1988 labarin marayu biyu ne da yunwa ta cinye a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Spirited Away na Hayao Miyazaki, kan yarinyar da ke aikatau don ceto iyayenta, ya ci Oscar a 2003. Iyaye su riƙa duba abin da ke cikin wayar yaro kafin su miƙa masa.

• Shin ko kun san ɗaya daga cikin iyayen fim ɗin zane na Afirka a Tawa ya zauna? Moustapha Alassane, haifaffen 1942, makanike ne kafin ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada ya koyi sana'ar wajen Norman McLaren. A 1966, shekara uku kacal bayan Astro Boy, ya fitar da Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana, ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawar gargajiya. A otel ɗinsa na Tawa ya ware ɗakuna ya mai da su wurin aiki. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris 2015.

Abin da ya ɗaga waɗannan finafinai shi ne kowa labarin gidansu ya bayar: gona, bashi, uwa, kunya, zumunci. Ƙasarmu ta Adar ma tana da nata, daga tafiyar bida zuwa Abijan har gyaran ƙasar Keita da mata suka yi da duwatsu a ka. Matasanmu su kalla, su koya, sannan su ɗauki alƙalami su zana namu.