Ƙwayoyin Bakteriya da Gyaran Gonakin Bakin Kogin Ngadda

MAIDUGURI — Galibin alayyafo da latas da tumatir da ake sayarwa a kasuwannin Maiduguri lokacin rani daga lambunan Alau da Gongulong da sauran fadamun bakin Kogin Ngadda suke fitowa. Binciken da masana kimiyyar sinadarai na Jami'ar Maiduguri suka yi ya gano ragowar maganin ƙwari a ƙasar waɗannan lambuna da kuma ganyen da ake nomawa a cikinsu, ya kuma gano ƙarafa masu guba irin su dalma a ruwan kogin, wanda ke kwasar dattin gari. Ambaliyar watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta sake baza wannan datti a filaye masu yawa.

Hanyar da aka saba bi wajen gyaran irin wannan ƙasa ita ce a kankare samanta a binne a wani wuri, kamar yadda aka yi a ƙauyukan Zamfara bayan gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a 2010. Wannan aiki kuwa sai gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Ɗan lambu ba zai iya ba.

Shi ya sa hankali ya koma kan ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasar tun asali. Wasu daga cikinsu, irin su Pseudomonas da Bacillus, suna cin maganin ƙwari tamkar abinci, su farfasa shi har dafinsa ya ragu. Abin da suke bukata shi ne danshi da iska da taki, wato ban-ruwa da kaftu da kashin shanu ko na kaji. Taki dai ba ya wuya a garin da ke da babbar kasuwar shanu. Matsalar ita ce zafin bazara, domin da zarar ƙasa ta bushe aikinsu ya tsaya. Da irin wannan dabara ake gyara wasu filayen Ogoni da ɗanyen mai ya ɓata.

Sai dai ya kamata mai niyyar zuba jari ya lura da wani bambanci. Bakteriya ba ta iya hallaka ƙarfe. Iyakarta ta ɗaure shi ko ta sauya masa kama don kada saiwa ta zuƙe shi. Fitar da dalma daga gona sai an shuka tsirrai masu zuƙar ta, a tumɓuke su a kawar, ba tare da an ba dabbobi ba, kuma hakan na ɗaukar shekaru. Duk wanda ya zo da kwalbar da ya ce za ta wanke dalma cikin wata guda, a nemi ya kawo sakamakon ɗakin gwaji.

'Yan kasuwa sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu a kan ragowar magani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da ake zuba masa a rumbu. Masu sayen kaya na waje kan nemi takardar gwajin amfanin gona kafin a yi maganar farashi.